Maganaɗisu zai iya hana ilektirod saurin cinyewa? Muhawarar zauren ma'aikatan lantarki da ƙarfe na Saudiyya

Sani (Jidda): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga injiniyoyin cikinmu. A warsharmu muna da injin yankan ƙarfe na filasma, mai amfiya 105, da iskar kwamfiresa yake aiki. Ilektirod (ƙarfen da harshen wutar ke tashi daga kansa) da nozul (bakin da harshen ke fitowa) suna cin riyal ba kaɗan ba, musamman tun da zafi ya shigo. Wani abokin aiki ya ce min a manyan injuna maganaɗisu ake sawa don ilektirod ya daɗe. Ina da maganaɗisun tsohuwar sifika mai zobe, kuma ya shiga kan yankan cif. In ɗaura ko in bari?

Baba Ɗanjuma (Yanbu): Wa alaikumus salam. Kada ka ɗaura, ɗana. Mu masu waldar bututu ba mu da abokin gaba irin maganaɗisu. Duk wanda ya taɓa haɗa bututun da ya ɗauke shi ya san abin da nake faɗa. Kana riƙe da sanda daidai, harshen wutar ya karkace gefe guda ya ƙi zama, ƙarfe na fallatsa, ɗinkin ya fito duk ramuka. Da wutar DC, mai bin hanya ɗaya, abin ya fi tsanani, musamman a bakin ƙarfe da cikin kusurwa. Maganinsa a wajenmu shi ne mu koma AC mai kai da komowa, ko mu sauya inda muka maƙala wayar atin, ko mu naɗe kebul a jikin bututun har ya kashe maganaɗisun. Kai kuma da hannunka za ka kawo shi?

Injiniya Bala (Jubail): Baba ya gama magana. Sani, ajiye zobenka. Na daɗe a gaban tanderun narka ƙarfe, ban ga ranar da maganaɗisu ya ceci ilektirod ba. Wuta ce ke cin sa, kuma wuta ba ta da lallashi.

Rukayya (Zahran): Allah ya ƙara girma, Injiniya. A kan injin Yaya Sani ina tare da ku, amma a kan asalin maganar ina da ja. Abin da Baba ya faɗa ma shi ne hujjata. In har maganaɗisun da ya maƙale a jikin bututu zai iya ture harshen wuta gefe, ashe za a iya tura shi da gangan zuwa inda ake so. Harshen nan iska ce da ta yi zafi har lantarki ke bi ta cikinta, ita ake kira filasma. Duk abin da lantarki ke bi, in ya gitta filin maganaɗisu, sai an ture shi. Ƙa'idar da ke juya fanka da motar famfo ke nan.

Mu duba inda ɓarnar take. Ba tsawon harshen ke cin ilektirod ba, ƙafarsa ce, wato ɗigon da ya dafa a jikin ƙarfen. A ce amfiya 1,000 ke wucewa, kuma a ce bolt 7 ne rabon da ke zama zafi a wannan ɗigon. Kilowat 7 ke nan ke shiga wurin da bai fi milimita ɗaya faɗi ba. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085. Ko ana zagaya masa ruwan sanyi ta baya, zafin ba ya samun lokacin ratsawa ya kai ga ruwan kafin saman ya narke. Amma in ƙafar tana gudu, kafin wuri ya kai ga narkewa ta bar shi, kafin ta zagayo ya huce. Dutsen guga ne: zafinsa ɗaya, amma rigar da ake goga ba ta ƙonewa, wadda aka aje shi a kanta ita ke hujewa.

Shi ya sa a manyan injunan filasma ake yin ilektirod kamar bututun jan ƙarfe, a naɗa kwayil a bayansa, wato wayar da ke zama maganaɗisu in lantarki ya bi ta. Harshen ya dafa bangon bututun ta ciki, kwayil ɗin ya kore shi ya yi ta zagaye. In faɗin bututun santimita 5 ne, da'irarsa ta kusa santimita 16. Ƙafar da ke gudun mita 80 a daƙiƙa za ta zagaya shi sau 500 a daƙiƙa guda. Maganaɗisun bai rage zafin ba ko kaɗan, wurin zama ya hana shi.

Alhaji Nura (Makka): Masha Allah, 'yata. Ni ɗan kasuwa ne amma na gane wannan.

Rukayya (Zahran): Kuma dabarar ba ta yau ba ce. A 1903 Kristian Birkeland da Sam Eyde a Norway sun sa harshen wutar AC tsakanin ƙahonnin babban maganaɗisu, ya baje ya zama faifan wuta mai faɗin kusan mita 2. Da shi suke ciro sinadarin takin zamani daga iska. Ilektirod ɗinsu bututun jan ƙarfe ne mai ruwa a ciki. A kan wannan aiki aka kafa kamfanin Norsk Hydro a 1905.

Injiniya Bala (Jubail): Malama Rukayya, lissafinki bai da aibi, amma mutanen Norway ɗin nan ba don ceton ilektirod suka baje wutar ba, don ta taɓa iska mai yawa suka yi. Bari in kai ki wurin da ake kashe kuɗi na gaske. Masana'antun ƙarfe na ƙasar nan, daga Hadeed a nan Jubail zuwa Rajhi da Ittefaq, da tanderun lantarki suke narka ƙarfe. Ilektirod a irin wannan tanderu sandar girafayit ce, irin baƙin da ke cikin fensir, mai kaurin milimita 600 ko kusa da haka, guda uku, kowace na ɗauke da amfiya dubu gommai. Kowane tan na ƙarfe yana tafiya da girafayit kilo 1 zuwa 2. Wanda yake cikin harkar a 2017 bai manta ba, lokacin da aka rufe masana'antu da yawa a Sin, farashin sandunan nan ya ninka sau da dama cikin watanni.

To ina girafayit ɗin ke tafiya? Kashi na farko a baki, inda harshen ya dafa. Girafayit ba ya narkewa, in ya haura digiri 3,600 tashi yake ya zama hayaƙi. Kashi na biyu, wanda yakan kai kusan rabi, a gefe yake tafiya. Sandar ta yi ja, iskar cikin tanderun na cin jikinta, domin daga wajen digiri 500 girafayit ke fara ƙonewa. Shi ya sa sandar ke sirancewa ta ƙasa. Sauran kuma karyewa ce, in tarin ƙarfe ya rufto mata ko mahaɗa ta saki. Faɗa min wane maganaɗisu ne zai hana iska cin gefen sanda. Abin da ya taimake mu zoben fesa ruwa ne a saman sandar, da rufe ƙofar tanderu, da kumfar dattin narki mai lulluɓe harshen, da rage lokacin narki.

Ƙarfin maganaɗisu kuwa muna da shi har ya yi yawa, ba mu saya ba. Sandunan uku suna ture harsunan juna waje, kowane ya doshi bangon da ke kusa da shi. Wurare uku ne ke fara lalacewa a bangon tanderu, kowa ya san su.

Malam Usman (Dammam): Injiniya, ka yi haƙuri in shigo. Tanderunka ba shi ne duniyar lantarki duka ba. A bangarenmu na manyan bireka, ba don maganaɗisu ba da babu birekar da za ta yanke wuta mai nauyi sau biyu. Tashoshin rarraba wuta na kilobolt 13.8 da 33 cike suke da bireka masu kwalbar da aka zuƙe iskar cikinta. A cikin kwalbar faifai biyu ne na jan ƙarfe haɗe da kuromiyam. In layi ya haɗu, amfiya 25,000 ko 40,000 ke bi, faifan su rabu, harshe ya tashi tsakaninsu. Ƙasa da amfiya 10,000 harshen yakan baje da kansa. Sama da haka maganaɗisunsa na kansa ke matse shi ya zama ginshiƙi guda, ya dafa wuri ɗaya ya narkar da shi. In wurin ya narke yana tururin ƙarfe, ko wutar AC ta sauko sifili a kai da komowarta sai ta sake kamawa.

Dabara biyu ake yi. Ta farko a tsattsaga faifan da layuka masu lanƙwasa. Dole lantarkin ya bi lanƙwasar, shi da kansa ya haifi maganaɗisun da zai kori ginshiƙin ya yi ta zagaye bakin faifan. Wannan ita ce maganar Malama Rukayya sak. Ta biyu, wadda injiniyoyin Toshiba na Japan suka fito da ita a shekarun 1970, a yi wa bayan faifan siffar kwayil don filin ya kwanta a tsawon harshen maimakon ya gitta shi. A nan ba gudu ake sa shi ba, hana shi haɗuwa ake yi, ya zauna a baje a kan fuskar faifan duka. Babu wani maganaɗisun da aka liƙa daga waje. Wutar da ta zo ɓarnar ita ke ƙera abin da zai kore ta, in ta ƙaru shi ma ya ƙaru. Wallahi duk lokacin da na ga kwalbar da aka yanka don koyarwa, sai aikin ya burge ni.

Injiniya Bala (Jubail): A bireka ban musa ba. Amma daƙiƙa nawa harshenka ke rayuwa? Wutar ƙasar nan 60 take bugawa a daƙiƙa, rabin zagaye bai kai kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa ba. Nawa yana ci ne har a kwashe narki.

Rukayya (Zahran): Akwai masu daɗewa, Injiniya. A cibiyar Ames ta NASA da ke Kalifoniya akwai injin harshen wuta mai megawat 60, wanda ake gwada garkuwar zafi ta kumbon sama jannati da shi. Ilektirod ɗinsa zobban jan ƙarfe ne masu ruwa, da kwayil mai juya ƙafar harshen, kuma an raba wutar kan zobba da yawa don kada ɗaya ya ɗauki nauyin duka. Yakan yi mintuna yana ci. A masana'antar Hüls ta garin Marl a Jamus kuwa, a 1940 aka fara yin iskar asitilin da harshen wuta a cikin bututu, inda guguwar iska ke juya ƙafar. Iska ko maganaɗisu, manufar ɗaya ce.

Inda na yarda da kai shi ne siffa. Sandar girafayit baki ɗaya gare ta, ba ta da filin gudu, kuma ita ba zafi take tsoro kamar jan ƙarfe ba. Dabarar tana aiki ne in abu uku sun haɗu: ilektirod mai saurin kwashe zafi, ruwa a bayansa, da hanya mai zagaye da ƙafar za ta bi.

Bari in ƙara wani abu don kada wani ya ɗauka yawan maganaɗisu shi ne yawan riba. Gwaje-gwajen da aka yi kan ilektirod na jan ƙarfe sun nuna in ka ninka ƙarfin filin, gudun ba ya ninkawa, ƙaruwa kawai yake. Sannan filin mai ƙarfi yana tsuke ƙafar, lantarkin ya taru a wuri mafi ƙanƙanta. Da farko cinyewar na raguwa, daga wani mataki kuma ta juya ta fara hawa. Ana auna ta da nauyin ƙarfen da ya ɓace a kan yawan lantarkin da ya wuce. Amfiya 1,000 na awa guda kulom miliyan 3.6 ne, domin kulom shi ne amfiya 1 na daƙiƙa guda. In kowane kulom na tafiya da maikurogiram 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, giram 3.6 ka rasa. In ƙafar ta tsaya abin ya koma maikurogiram 100, giram 360 ke nan a awa ɗaya. Tsakanin waɗannan biyu ake kokawar.

Adamu Maiwurno (Riyad): Malama, na taɓa jin cewa a cikin kwalbar da ba iska harshen baya yake gudu. Gaskiya ne?

Rukayya (Zahran): Gaskiya ne, Malam Adamu. In iska ta yi ƙaranci sosai, ƙananan ɗigon da ke kan katod, wato ilektirod na ɓangaren −, suna bin akasin inda ƙa'idar ta ce su bi. Johannes Stark ya ga haka tun 1903, kuma har yau masana ba su haɗu kan bayani guda ba. Duk da haka ana cin moriyarsa. Masu shafa wa bakin dirila ruwan zinarin nan na titaniyam da maganaɗisu suke jan ɗigon, ya bi fuskar ƙarfen ko'ina, ya cinye shi daidai wa daida maimakon ya haƙa rami.

Sani (Jidda): Na fita sallar la'asar na dawo na tarar da karatu. Allah ya saka. To amma tunda nawa ma filasma ne, kuma jan ƙarfe ne, me ya sa ba zai yi min ba?

Rukayya (Zahran): Yaya Sani, ciro tsohon ilektirod ka dubi bakinsa. Akwai ɗan ɗigo mai launin toka a tsakiya. Wani ƙarfe ne mai suna hafniyam, yana narkewa a digiri 2,233, kuma an dasa shi ne don harshen ya zauna a kansa daram. Jan ƙarfen da ke kewaye aikinsa kwashe zafi kawai. Iskar ma ana murɗa ta kafin ta fito don ta riƙe harshen a tsakiyar ramin nozul. Naka an ƙera shi ya tsaya, wancan an ƙera shi ya yi gudu. In zobenka ya karkata ko kaɗan, harshen zai goga gefen nozul ya faɗaɗa ramin, yanka ya fito a karkace. In ƙafar ta sauka daga hafniyam zuwa jan ƙarfe, ilektirod ɗin ya gama. Ga kuma ƙurar ƙarfe da zoben zai yi ta tarawa a kan yankan.

Baba Ɗanjuma (Yanbu): Ɗana, ka ce tun da zafi ya shigo abin ya ƙaru. A Jidda kake, bakin teku. Je ka buɗe ƙasan tankin kwamfiresarka ka ga ruwan da zai zubo. Laima da mai a cikin iska su ne ke kashe hafniyam. Sa matatar ruwa da na'urar busar da iska kafin injin, ka riƙa zubar da ruwan tanki kullum.

Malam Usman (Dammam): Ƙari a kan na Baba: yawancin hafniyam ɗin a kunnawa da kashewa yake tafiya, ba a tsakiyar yanka ba. Yana narke a ɗan raminsa, in wutar ta yanke ba zato sai iska ta fizge shi. Kada ka bari yanka ya zarce bakin faranti harshen ya tsinke da kansa. Rage yawan hudawa, haɗa layukan yanka inda zai yiwu. In ramin ya kai zurfin da littafin injinka ya faɗa, yawanci wajen milimita 1 ko sama kaɗan, ka sauya kafin ya tafi da nozul.

Sani (Jidda): Na gode ƙwarai. Gobe kafin a fara aiki zan duba tankin.

Injiniya Bala (Jubail): Malama Rukayya, ban gama da ke ba. Akwai wuri guda a harkarmu da maganaɗisu ke taɓa ilektirod, amma ta bayan gida. Kamfanin ASEA na Suwidin tun shekarun 1940 ya fara sa kwayil a ƙarƙashin tanderu don ya dama narkakken ƙarfe. Sai an yi gindin da ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa, in ba haka ba filin ba zai ratsa ba. Damawar na gaggauta narki, sandar ta rage zaman da take yi cikin wuta. Kin ga ba harshen aka kora ba.

Rukayya (Zahran): Tanderun DC fa? Sanda ɗaya a sama, anod, wato ɓangaren +, a gindi, amfiya sama da 100,000. Manyan wayoyin da ke kawo wutar suna ture harshen gefe guda, bango ya ci a can, bakin sandar ma ya ci a karkace. Masu ƙira suna gyara wannan da tsarin shimfiɗa wayoyin, wasu da raba wutar gindin kashi-kashi don su daidaita harshen. Sarrafa shi da maganaɗisu ke nan.

Injiniya Bala (Jubail): Don bango ake yi, ba don sanda ba. Tanderun DC ya fi tsimin girafayit, na sani, amma dalilin shi ne sanda ɗaya ce ke shan iska maimakon uku, kuma kullum ita ce katod. Ki kawo min tanderun da aka rage cin sandarsa da juya harshe, sannan mu zauna.

Adamu Maiwurno (Riyad): Kafin ku ci gaba, ina da abin da ya shafi rayukan mutane. Ni aikin sola nake, kuma 'yan'uwanmu a Gadarif da Sinnar da yawa sun koma famfon sola don noma, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Hotunan akwatunan da suke turo min suna tayar min da hankali. Wasu birekar AC suke sawa a layin fanel. Wutar AC tana saukowa sifili sau 100 a daƙiƙa a can, sau 120 a nan, harshen ya mutu da kansa. DC ba ta saukowa. Shi ya sa ƙananan birekar DC da yawa ke da ɗan maganaɗisu a ciki, mai tura harshen zuwa cikin faranta masu daddatsa shi. Irin wannan tana da alamar + da − a jikinta. In aka juya wayoyin, za ta yi aiki lafiya har ranar da aka kashe ta wuta na bi. A ranar maganaɗisun zai tura harshen baya cikin injin birekar, bakunan su narke, akwati ya kama.

Alhaji Nura (Makka): Subhanallah. Malam Adamu, zafin rana ba ya kashe ɗan maganaɗisun? Akwatin da ke kan soro a nan ba ya taɓuwa da azahar.

Adamu Maiwurno (Riyad): Ya danganta da irinsa, Alhaji. Maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari daga wajen digiri 80 yake fara rasa ƙarfi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai masu jure fiye da haka. Ko ma wane iri ne, a sa akwati a inuwa, a duba iyakar zafin da aka rubuta a takardar birekar.

Malam Usman (Dammam): Ka faɗa musu wannan ma, Adamu. A layin batir wutar na shiga da rana tana fita da dare, don haka bireka mai + da − ba ta dace da wurin ba ko an haɗa ta daidai. A nemi wadda aka rubuta tana yanke DC ta kowane ɓangare, a kuma tabbatar bolt ɗin da ke jikinta ya haura na fanel ɗin da aka jera a layi in ba a ɗora musu kaya ba. Turo hotunan akwatunan nan bayan isha, mu duba su ɗaya bayan ɗaya.